Ƙanena, kada ka sayar da Yamahar nan tukuna

Assalamu alaikum. Ƙanena, tun daren jiya na ga tambayarka, amma na kasa ba ka amsa a lokacin saboda abin da ta tono mini, sai yanzu da na idar da sallar asuba na samu natsuwar zama. Ka ce shugaban ƙungiyar kiɗanku ya ba ka wa'adi zuwa ƙarshen Nuwamba ka nemo bes, wato jitar nan mai kaurin sauti, mai tsirkiya biyar ko ya ɗauki wani, ka kuma ce ka ga wani ya saka Fender Jazz 'yar Amurka a intanet a farashin da bai kai rabin kuɗinta ba, yana son ka tura masa rabi kafin ka gan ta, kai kuwa ba ka da hanyar cika kuɗin sai ka sayar da Yamaharka mai tsirkiya huɗu da ka shekara shida kana ci da ita. Wallahi da na gama karantawa sai na ji kamar wani ne ya zauna ya rubuta labarina na 2019.

Ni ma Yamaha gare ni a lokacin, BB mai tsirkiya huɗu, wadda na saya ta hannu a 2012 da kuɗin adashin da na yi wata goma sha huɗu ina zubawa sa'ad da nake taya kawuna tsaron shago a Agege, a nan Legas. Fentinta ya koɗe a inda hannuna ke hawa, amma cikin shekara bakwai sau ɗaya na taɓa kai ta gyara, shi ma ramin da kebul ke shiga ne ya saki. Sai aka kawo mana sabon mai fiyano wanda ya taso a majami'a, kusan kowace waƙa sai ya ɗauke ta a sautin E filat ko D filat, waɗanda mai tsirkiya huɗu ba ta kai na ƙasansu ba, shugabanmu kuma ya fara cewa ƙasan kiɗanmu ba shi da nauyi, ya kamata in yi abin da sauran ƙungiyoyi ke yi, wato in nemo mai tsirkiya biyar.

Wanda ya cuce ni ba baƙon intanet ba ne, kuma wannan ne abin da har yau yake ci mini rai. Ɗan garinmu ne, sahu ɗaya muke sallah, mun sha cin tuwo a kwano ɗaya, ranar sunan ɗansa na fari ni na ɗauko masa lasifika ban karɓi ko sisi ba. Ya ji ina cigiya, ya zo ya ce an sauke tokumbo, wato kayan hannu daga waje, akwai Fender mai tsirkiya biyar a ciki, don ni ne ma ya ɓoye ta. Bayan isha ya kai ni wani ɗakin ajiya, an ɗauke wuta, ba amfilifaya, da fitilar waya na duba ta. Na ga sunan a kanta, na ɗaga ta na ji nauyi, na taɓa tsirkiyoyin haka nan a bushe. Da na ce zan dawo da rana da kayana in gwada, sai ya ɓata rai, ya ce ashe ban yarda da shi ba, ga shi kuma wani fasto zai zo da kuɗi a hannu da sassafe. Naira dubu 250 ya yanke, lokacin dala tana wajen naira 360, kuma duk wanda ya san kayan nan ya san 'yar Amurka ta gaske ba ta sauka nan. Ni ma na sani, son abin ne ya rufe mini ido. Na ba shi kafin alƙalami a daren, cikin kwana biyu na sayar da Yamahata dubu 85 ga wani yaro daga Ikorodu, na haɗa da abin da na tara, sauran kuma matata ta ba ni daga kuɗin da take tarawa na keken ɗinki.

A gwajin farko na ji tsirkiyar B, wato ta biyar ɗin mai kauri, tana lilo kamar igiyar shanya, sai na ɗauka tsufan tsirkiya ne, na sayo sababbi na ɗaura. Ashe ƙarfin sababbin ne zai ƙarasa wuyan. Ranar Asabar ta biyu a Disamba muna da biki a wani babban ɗakin taro a Ikeja, irin owamben nan da ake cika maƙil. Na taho cikin zafin danfo, motar hayar Legas, na shiga ɗaki mai sanyin na'ura, na saita ta, kafin a gama waƙa biyu ta sauka. Na sake saitawa, amma duk sautin da na danna a tsakiyar wuya sai ya fito a karkace, har mai waƙarmu ta riƙa waiwayo tana kallona. Daidai lokacin da ango da amarya suka shigo da rawa, sai wata ƙara ta fashe a manyan lasifikoki kamar an yaga kwano, mutane suka toshe kunne, injiniyan sauti ya kashe layina. Shugaba ya raɗa wa mai fiyano ya ɗauki bes da hannun hagu, ni kuma ya matso ya ce kada in sauka, in tsaya in riƙa motsa yatsu, domin masu biki kuɗin mutum goma suka biya kuma sun ƙirga mu. Ƙanena, kusan awa uku na yi a tsaye ina shafa tsirkiyar da ba ta fitar da komai, ana ta liƙi, ana ɗaukar hoto, yaran da na koya wa riƙon jita suna gefena sun sunkuyar da kai don kada mu haɗa ido. Rabin kuɗina aka ba ni a daren. Da na sauka a Oshodi ban iya shiga motar gida nan take ba, na samu gefen wani shago na zauna da ita a cinyata, hawaye yana zuba, ina tunanin abin da zan gaya wa matar da ta ba ni kuɗin kekenta.

Ran Litinin na kai ta wurin wani dattijo mai gyara a Surulere. Ya kwance wuyan daga jikin, babu hatimi ko kwanan wata irin wanda kamfanin ke bugawa a gindin wuya, jikin kuma katakon nan ne mai hawa-hawa da kafintoci ke yin bayan kabad da shi, an lulluɓe da fenti mai kauri. Ya sa makulli a sandar ƙarfen da ke cikin wuya, wadda ita ce ke miƙar da shi in ya lanƙwashe, sai ta riƙa juyawa ba ta kama komai. Ya ce wannan ba ta da magani sai sabon wuya, kuma kuɗin ya fi ƙarfin darajarta.

Na koma wa mutumin nan. Da fari ya ce ni na lalata ta, daga baya ya ce shi dillali ne kawai, an saya an sayar, ba a dawo da kaya. Na kai ƙara wurin manyanmu na unguwa, ya rantse bai san jabu ba ce, alhali daga baya na ji ya yawata da ita wurin mutum biyu da rana tsaka duk sun ƙi ta. Manya suka ce in yi haƙuri saboda zumunci, ya mayar mini da dubu 40, ita ma kashi-kashi. Har gobe in mun haɗu shi yake fara miƙo mini hannu yana tambayar iyali. Na bi yaron Ikorodu in fanshi Yamahata da ƙarin dubu 15, ya ƙi, kuma ban ga laifinsa ba. Ina cikin aron jita ina lallaɓawa sai ga kullen korona a ranar 30 ga Maris 2020, biki ya tsaya cak, na zauna ba aiki, ba kayan aiki, ga bashi.

Saboda haka kada ka tura wa kowa ko naira ɗaya kafin ka riƙe jitar. Ku haɗu da rana, ka je da kebul ɗinka da na'urar saiti da ƙaramin amfilifaya, ka kuma tafi da wani wanda ba shi ne ke son jitar ba, domin idonsa zai ga abin da naka zai kauce wa. A cikin ƙananan ƙarafan da ke jere a kan wuya, ka danna tsirkiyar E a ƙarfe na farko da na ƙarshe lokaci ɗaya, ka duba tazarar da ke tsakaninta da ƙarafan tsakiya. Kada ta wuce kaurin katin banki. Ka sa mai kayan ya ɗan murɗa sandar wuya a gabanka, in ya ƙi, ka tashi. Ka kaɗa kowace tsirkiya a sake, sannan ka danna ta a ƙarfe na 12 na wuyan, ka ga ko na'urar saiti ta nuna sauti ɗaya. Ka murɗa kowane maɓalli, ka girgiza kebul a raminsa ka ji ko zai yi ƙara. Lambar da ke kan jitar kuma, Fender na da shafin da ake duba ta, sai dai masu jabu suna kwafar lambar gaske, don haka ita kaɗai ba hujja ba ce.

Ka kuma tuna abin da tsirkiya ta biyar ke ƙara maka sauti biyar ne kacal a ƙasan E, wato E filat, D, D filat, C da B. Suna da amfani, ni ma yanzu mai biyar nake kaɗawa, amma akwai hanyar samun su ba tare da ka rabu da jitarka ba. Za ka iya sassauta E zuwa D, ko ka sayi saitin tsirkiyoyin mai biyar ka ajiye tsirkiyar G, ka ɗaura B, E, A, D, mai gyara ya ɗan faɗaɗa maka ramukan da tsirkiya ke kwanciya a saman wuya, ya sake daidaita ta. A kiɗan biki sau nawa kake hawa G ɗin nan? In kuwa shugabanku da ido yake son ganin biyar, ka yi haya zuwa Janairu, ko ka ce ya ba ka rance a riƙa cira daga kuɗin wasa. Disamba ce lokacin da ya fi buƙatarka, in har bayan shekarun da ka yi masa ba zai iya wannan ba, to ko ka kawo Fender ta gaske wata rana zai samo wani dalilin. Abin yana ƙona mini rai yadda ake sa mu sayen kayan dubban ɗaruruwa, amma kuɗin wasa bai ƙaru ba, mu ke biyan kujera biyu a danfo saboda jita, mu ke isa gida ƙarfe biyun dare.

Sunan da ke kan jita kuma ba shi ke kiɗa ba. Yamaha TRBX305, Ibanez GSR205, Squier Jazz mai biyar, ko Sire V7 in aljihu ya kai, duk za su yi maka aikin Legas, kuma na gaskensu ya fi jabun Fender nesa ba kusa ba. Ka zaga shagunan kasuwar Alaba ka ji farashin sababbi ko da ba saye za ka yi ba, don ka san inda na hannu ya kamata ya tsaya. Yawancin masu biyar ɗin nan da batir mai bolt 9 suke aiki, V7 ma biyu take ci, saboda haka ka riƙa zare kebul in ka ajiye ta don kada batir ya ƙare, ka kuma bar sabon batir a jaka kullum. In aka haɗa maka da amfilifaya tokumbo, ka duba bayansa, na Amurka bolt 120 ne, wutarmu kuwa 230, sau ɗaya za ka jona shi ya ƙone. Tsirkiya ma akwai jabu a gari, ga damshin Legas da gumi suna sa ta tsatsa da wuri, ka riƙa goge ta da busasshen ƙyalle bayan kowane wasa. In za ka je gida da hunturu kuma kada ka bar ta a waje, bushewar iska tana sa katakon wuya ya tsuke har bakin ƙarafa ya riƙa yankar hannu.

Wani abin da ya sa nake roƙonka shi ne maganar dala. Tun da aka saki naira a Yunin 2023, dala ta haura 1,500 a farkon 2024, kayan nan kuwa duk daga waje suke zuwa. Kuɗin da za a ba ka yau a kan Yamaharka ba za su sake saya maka irinta ba. Ni sai a 2022 na iya mallakar jita tawa, keken matata kuma sai bayan nan na biya. In ma daga baya ka ga dole sai ka sayar, ka bari sabuwar ta yi maka wasa uku ko huɗu tukuna, sannan ka ɗaura wa tsohuwar sababbin tsirkiyoyi, ka goge ta, ka sayar a natse ba da wa'adi a wuyanka ba, domin mai saye yana gane wanda ke cikin matsi.

Ka sa mutumin ya turo maka hoton gaba da bayan kan jitar, da farantin ƙarfen da ke riƙe wuya, da bidiyon da yake kaɗa ta a amfilifaya, ka saka mana a nan mu duba tare. In ya yarda a haɗu, Talata da Laraba ba ni da wasa, zan taso daga Agege da amfilifayata da makullan wuya in raka ka duk inda yake, kuma ba sai ka biya mini kuɗin mota ba.