Juma'ar da ka raina ita ce mai haɗari

Ɗan'uwa, tun daren jiya na ga tambayarka, na ƙi amsawa a tsaitsaye don ba maganar layi biyu ba ce. Ga waɗanda ba su gani ba: ya ce shekararsa biyu yana hawan raƙuman ruwa a gaɓar yashi, yanzu yana so ya gwada kan dutsen murjani karo na farko. Hasashen da ya liƙa ya nuna Juma'a raƙumi mai tsayin mita 1 da tazarar sakan 18, Asabar mita 1.8 da sakan 15, Lahadi mita 1.2 da sakan 11, duk daga kudu maso yamma. Iska daga tudu da safe, ta juyo daga teku wajen ƙarfe 11. Ruwa zai kai ƙarshen janyewarsa ƙarfe 5:30 na asubar Juma'a, ga wata ya cika. Shi kuwa ya tsayar da Juma'a da sassafe, wai ita ce ƙarama.

Kada ka shiga Juma'a. Je ka, amma bar allonka na hawa a tudu, ka zauna ka yi kallo. In shiga za ka yi, jira Lahadi.

Mita ɗayan nan da ka gani ba tsayin raƙumin da zai fashe a gabanka ba ne. Awon can tsakiyar teku ne, inda ruwa ke da zurfi, kuma ko a can ɗin matsakaici ne: ana ɗaukar kashi ɗaya cikin uku na raƙuman da suka fi girma a fitar da tsaka-tsakinsu. Ke nan akwai waɗanda suka fi shi, jefi-jefi ma a sami wanda ya kusa ninka shi. Lambar da ta kamata ka fara duba ita ce ta biyu, wato tazara, sakan nawa ne tsakanin wucewar tozon wannan raƙumi da na mai bi masa. A ruwa mai zurfi, ka ninka tazarar da kanta, ka ninka da 1.56, ka sami nisan da ke tsakanin tozo da tozo a mita. Na sakan 18 ya haura mita 500. Na sakan 11 bai kai 190 ba. Raƙumi kuwa yana fara jin ƙasa ne idan zurfin ruwa ya koma rabin wannan nisa. Na Juma'a tun daga zurfin mita 250 zai fara taɓa ƙasa, yana lanƙwasa, yana tattaro kansa zuwa inda dutse ya turo kai. Na Lahadi sai ya zo kusan mita 95 kafin ya san da ƙasa. A sama ka ga ɗan kumburi kamar ba komai, ƙarfin duk yana ƙasa. Lumbu-lumbu ke nan, wutar ƙaiƙayi.

A kan yashi, inda ka saba, ƙasa takan tashi a hankali, raƙumi ya yi ta zubar da ƙarfinsa a hanya kafin ya iso gare ka. Dutse ba haka yake ba. Daga zurfi sai tudu, babu sallama. Duk ruwan nan da ke tafe sai ya rasa wurin zuwa, ya miƙe tsaye lokaci guda, ya zuƙe ruwan da ke kan dutsen, ya jefo leɓensa gaba. Abin da ya yi wa Teahupo'o na Tahiti suna ke nan, inda aka yi gasar hawan raƙuman ruwa ta Olamfik ɗin 2024: ba tsayi kawai ba, kaurin leɓen da ƙarancin ruwan da ke ƙarƙashinsa. Dutsenku ba Teahupo'o ba ne, na sani, amma dokar ɗaya ce. Mita ɗaya a sakan 18 kan iya tashi da fuskar mita biyu a wuri irin wannan, manyan cikin ayari, wato jerin raƙuman da ke zuwa tare, su wuce haka.

In kana son lissafin kan hanya, ninka tsayi da kansa, ka ninka da tazara. Juma'a ta ba ka 18, Asabar kusan 49, Lahadi ƙasa da 16. Ka ga ko a takarda ma Juma'a ta ɗara Lahadi. Amma ba wannan ne ya fi damuna ba.

Abin da ke damuna shi ne Juma'a ranar isowa ce. Guguwar da ta haifi wannan ruwa tana can dubban kilomitoci, wataƙila ma ta riga ta mutu. Raƙuman da ta saki ba gudunsu ɗaya ba: masu doguwar tazara sun fi sauri. Ayarin sakan 18 yana cin kusan kilomita 50 a awa, kimanin 1,200 a kwana, na sakan 11 kuwa wajen 31 a awa. Don haka dogayen ne ke fara isowa, sannan tazara ta riƙa raguwa kwana bayan kwana. Tun 1963 masanin teku Walter Munk da abokan aikinsa suka jera tashoshin awo daga Niyuzilan har Alaska, suka bi sawun raƙuman da guguwar tekun kudu ta tayar suna ratsa Fasifik, kuma da irin wannan raguwar tazarar ake gane nisan inda ruwa ya taso. Su 'yan gaban nan ba su da yawa, ba su kuma zuwa a jere. Sai teku ta kwanta minti goma sha biyar, ashirin, kamar tabarma, sannan ayari ya ɓullo. Kuma kowace awa yana ƙara girma. Ruwan da ka shiga da bakwai ba shi za ka fita da tara ba.

Ni a jikina na koya. Shekarata ta uku da fara hawa, na je wani dutse da na taɓa shiga sau biyu a ƙananan ranaku. Hasashe ya ce ƙasa da mita ɗaya, ban ko kalli tazara ba. Na tsaya a bakin gaɓa minti goma, na ga 'yan ƙananan raƙuma biyu, na ce yau ranata ce. Akwai wani dattijo zaune kan allonsa can waje, nesa da inda ruwa ke fashewa, har na yi masa dariya a raina, na ce tsufa ya sa shi tsoro. Na zauna ciki, kusa da dutse. Abin da na fara lura da shi ba raƙumi ba ne, ruwan da ke ƙarƙashina ne ya fara ja, na ga kawunan murjani da ɗazu ba na gani suna tasowa, ruwan ƙasa-ƙasa, har da wani ƙaramin kifi da ya rikice yana neman rami. Na ɗaga kai, sararin da ke gabana ya yi duhu. Na farko na tsallake shi da ƙyar. Na biyu ya sauka taku kaɗan a gabana, ya raba allon gida biyu, ya goga bayana a kan dutse. Na uku da na huɗu ban ƙirga su da ido ba. Na fito da rabin allo a ɗaure a ƙafa, da ƙayar bushiyar teku a diddige wadda ta yi makonni tana tuna mini. Dattijon da ya fito bai yi mini faɗa ba, tambaya ɗaya ya yi: ayari nawa ka ƙirga kafin ka shiga? Ko ɗaya ban ƙirga ba.

Tun daga ranar, idan tazara ta haura sakan 14, ba na jiƙa ƙafa sai na ga ayari uku da idona, da agogo a hannu. Nawa ne a cikin kowanne, na nawa ne babba, ina farin kumfa ke ƙarewa, kwarin da ake bi a shiga yana nan a buɗe ko manyan suna rufe shi.

Sai cikar teku da janyewarta, wadda a gaɓar yashi kana iya yi mata riƙon sakainar kashi ka kwana lafiya. Ka ce wata ya cika. Lokacin cikar wata da lokacin ɓatansa ne ruwa ya fi cika, ya kuma fi janyewa. Raƙumi yakan fashe ne idan zurfin ruwa ya koma kamar tsayinsa da ɗan ɗori, to ka ƙiyasta ruwan da zai rage kan dutse da ƙarfe 6 na safiyar Juma'a, rabin awa bayan ƙarshen janyewa. Ruwan ma ba ya dawowa da gudu ɗaya. A wuraren da teku ke cika sau biyu a kwana, ka raba dawowar gida 12: awa ta farko kashi 1, ta biyu 2, ta uku 3, ta huɗu 3, ta biyar 2, ta shida 1. Bayan awa biyu rubu'i kawai ya dawo, sai bayan uku ake samun rabi. In bambancin cika da janyewa mita biyu ne, da 7:30 rabin mita kacal aka ƙara maka. Kuma lokacin yana matsawa gaba kullum, kusan minti 50 a matsakaici, don haka Lahadi ƙarshen janyewa zai faɗo wajen bakwai na safe. Duba jadawalin wurin don ka sami ainihin mintin.

Nan ne iska da ruwa suke ja-in-ja, kuma nan ne za ka yi zaɓi. Iskar asuba daga tudu take, don da dare ƙasa ta fi teku saurin hucewa. Ita ce ke share fuskar raƙumi, ta riƙe leɓensa ya buɗe rami. Rana na ɗagawa ƙasa ta yi zafi, iska ta juyo daga teku, ta yamutsa komai. To ranar Lahadi, sa'ar da iska ta fi kyau ita ce sa'ar da dutse ya fi kusa da fatarka. Ni in ni ne kai, zan sayar da kyawun iska in sayi zurfin ruwa. Shiga wajen 9:30, ruwa na tasowa, ka sami awa ɗaya da rabi kafin ta lalace. Za a ce maka ka makara, ƙwararru sun cinye mai kyau. Bar su. Su sun san kowane kan dutse kamar tsakar ɗakinsu.

Ƙarfe 11 ɗin nan ma kada ka riƙe shi kamar alkawari. Manhajojin da muke dubawa, Windy ne, Windguru ne, Surfline ne, akasari daga manyan na'urorin hasashe kaɗan suke ɗibar bayanansu: GFS na Amurka, da WAVEWATCH III na NOAA, hukumar teku da yanayi ta Amurka, don raƙuma, da ECMWF na Turai. Suna yanka duniya gida-gida, kowane gida kilomitoci da dama, ba su ganin tsaunin da ke bayan gaɓarku ko kwazazzabon da iska ke zurarowa ta ciki. Suna iya faɗin zuwan ruwa kwana huɗu ko biyar kafin ya zo, don ya riga ya kamo hanya, amma iskar bakin gaɓa ba na yarda da ita sai saura kwana ɗaya. GFS sau huɗu yake sabuntawa a kwana. In ka ga ya yi ta sauya magana, ko shi da ECMWF sun saɓa, to ba a gama yanke hukunci ba. Safiyar da gari ya waye tas babu gajimare, iskar teku takan yi sammako. In akwai lullumi, takan yi jinkiri. Kuma ba kowace iskar tudu ce alheri ba: ta wuce kilomita 30 a awa, sai ta shiga ƙarƙashin hancin allo ta riƙe ka a saman leɓe, feshi ya rufe maka ido, ka sauka a makare. A yashi wannan abin dariya ne. A dutse asibiti ne.

Abu ɗaya ba ka ba mu ba: kusurwa. "Kudu maso yamma" faɗi gare shi. Digiri 180 kudu ne sak, 270 yamma, kuma tsakanin 200 da 230 akwai duwatsun da ke sauya hali gaba ɗaya, daga raƙumi mai warwarewa a hankali zuwa wanda ke rufewa gaba ɗaya kamar an saki ƙofar gareji. Dutse ba ya motsi kamar yashi, don haka wanda ya daɗe a wurin zai gaya maka kusurwar da take yi masa daidai, kuma maganarsa ta bara tana nan bana. Ka kuma buɗe jadawalin sosai ka ga ko akwai ruwa na biyu a ɓoye, ɗan gajere na sakan 7 ko 8 daga wata fuska. Yakan sa ƙololuwar raƙumi ta riƙa yawo, ka zauna inda kake zaton gefe ne ka tsinci kanka a tsakiya.

Lahadin ma ba kyauta ba ce. Mita 1.2 a sakan 11 na iya wuce kanka a manyan ayari, ga ragowar Asabar da kan saɗaɗo jefi-jefi. In ka ƙirga ayari uku ka ji cikinka ya ɗuri ruwa, Litinin tana nan, kuma janyewar ta fara sauƙi. In ka shiga, sa takalmin roba, ɗauki allon da ba za ka yi kukan rasa shi ba, ka zauna a kafaɗa, wato gefen raƙumi inda bai fashe ba tukuna, kusa da kwari, ka bar na farkon ayari ya wuce, don in ka faɗi a kansa sauran duk a kanka za su sauka. Faɗuwa kuma a baje, kamar ganye, ba da kai ba, ba da ƙafa a miƙe ba, hannu a kan ƙeya. Ko ƙwarzane kaɗan murjani ya yi maka, wanke shi sosai da ruwa mai tsabta da sabulu a ranar, a fitar da ɓarɓashin. Irin ciwon nan saurin ruruwa gare shi, in ya yi ja ya kumbura kada ka tsaya jira, nemi likita.

Daren Alhamis ka duba tulun awon da ke shawagi mafi kusa da ku, in akwai, don shi abin da ke faruwa yake faɗa, ba abin da ake zato ba. Ka turo mana tazarar da ya nuna da kusurwar a digiri. Juma'a kuma, kana zaune a tudu, ka lura da inda mutane ke fitowa, ba inda suke shiga kawai ba, ka sami bishiya ko gini biyu a tudu da za ka jera da ido don ka san gurbinka in ruwa ya fara janka.