Kafin ka nemi gurbin binciken sankara a waje, zaɓi hanta

Ƙanena, ka ce ka gama digiri na biyu a bayokemistiri, kana son fitowa waje ka yi digirin digirgir kan yadda sankarar ciki, hanji da hanta ke farawa daga ƙwayoyin gado, da kuma inda magani ke iya kama ta. Ka tambayi ƙasar da ta fi. Bar maganar ƙasa tukuna. Farfesan da zai ɗauke ka yana neman ɗalibin da ya zo da tambaya ƙwaya ɗaya, wadda shi ba shi da hanyar amsa ta daga inda yake zaune.

Shawarata ka kama sankarar hanta, domin a nan ne yankinmu ke da abin faɗa. Abubuwa biyu ne ke haɗuwa a hantar mutanenmu: ciwon hanta na B da aka ɗauka tun ƙuruciya, da gubar aflatoksin da fumfuna ke bari a gyaɗa da masarar da aka tara ba su bushe ba. Idan aflatoksin B1 ya shiga hanta, sinadaran CYP1A2 da CYP3A4 suna sarrafa shi ya koma wani nau'i mai manne wa harafin G na DNA. Wurin kwafin DNA idan tantani zai rabu, sai G ya koma T. A ƙwayar gado ta TP53, wadda aikinta tsayar da tantanin da ya lalace, wannan sauyin yakan faɗa gurbi na 249: haruffan AGG su zama AGT, sai tubalin furotin na arginin ya zama serin. Shi ake kira R249S. Binciken da aka yi a Shanghai ya nuna mai ɗauke da cutar B da gubar a tare haɗarinsa ya kai kusan ninki 60 na wanda ba shi da ko ɗaya. A Gambiya, inda aka fara babban shirin rigakafin ciwon hanta a 1986, an gano wannan sauyin har a ruwan jinin marasa lafiya.

Gwajinsa ba ya buƙatar manyan injuna. Ka ninka ekson na 7 (yankin TP53 da gurbi na 249 ke ciki) da PCR, wato hanyar yawaita kwafin DNA, ka zuba masa sinadarin yanka na HaeIII. Shi yana yanka ne inda ya ga GGCC, kuma gurbi na 249 da na 250 suna ba shi wannan jerin. Idan sauyin ya auku, wurin yankan ya ɓace, sai ka ga zaren ya fito da tsawonsa a kan jel. Daga nan ka tabbatar da karanta jerin DNA.

Ɓangaren magani kuwa shi ne ke ci mini rai. Maganin sorafenib ya ɗaga matsakaicin rayuwar masu sankarar hantar da ta yi nisa daga wata 7.9 zuwa 10.7 kawai. Haɗin atezolizumab da bevacizumab, wanda aka amince da shi a 2020, ya kai wata 19.2. Har yau babu maganin da ke kama R249S kai tsaye, kuma 'yan Afirka ƙalilan ne suka shiga waɗancan gwaje-gwajen. Ga gurbin da za ka cike.

Idan hanji ya fi jan hankalinka, duba aikin da likitocin Ile-Ife suka yi da cibiyar Memorial Sloan Kettering ta Amurka a 2021. Sun ga cewa nau'in MSI mai yawa (sankarar da tantaninta ya kasa gyara kurakuran kwafin DNA), wanda maganin pembrolizumab ke yi wa aiki, ya kusa ninka na marasa lafiyar Amurka, sannan sauyi a rukunin ƙwayoyin gado na RAS, wanda KRAS ke cikinsa, ma ya fi yawa. Wannan na biyun yana da nauyi, domin mai sauyin KRAS ba ya amfana da cetuximab; ba shi maganin ba tare da gwaji ba asarar kuɗi ce da lokaci.

Yanzu ga inda aikin ɗalibanmu ke rushewa: samfur. Tsokar da aka yanko ta shiga fomalin mai kashi 10, wanda aka daidaita tsaminsa, kafin awa ɗaya ta cika, kuma ruwan ya ninka tsokar aƙalla sau goma. Ta zauna tsakanin awa 6 zuwa 72. Idan ta kwana mako a kwalba, DNA yana gutsuttsurewa, harafin C yana rikiɗa ya fito kamar T, sai ka rubuta sauyin da babu shi a jikin mara lafiya. Wanke DNA da sinadarin UNG yana rage wannan, amma ba ya gyara abin da ya riga ya karye. Ka sa likitan da ke duba tsoka ya zagaye maka wurin da tantanin sankara ya fi yawa, in ba haka ba hanyar Sanger ta karanta jerin DNA ba za ta ga sauyin ba. Idan RNA kake so, sai firiza mai sanyin 80 ƙasa da sifili, kuma ɗauke wuta na dare ɗaya ya isa ya lalata aikin shekara. Saboda haka idan ba ka da tabbacin janareta, tsaya a kan bulon kakin farafin da ake adana tsoka a ciki, da DNA.

Kada ka ɗauko ko bulo ɗaya a jakarka. Sai da amincewar kwamitin ɗa'a na asibitin, da sa hannun marasa lafiya, da yarjejeniyar miƙa samfur tsakanin makarantun biyu. In babu waɗannan, babu mujallar kirki da za ta buga aikin.

Kafin ka rubuta wa kowa, koyi manhajar lissafi ta R, ka shiga cBioPortal, shafin bayanan ƙwayoyin gadon sankara, kyauta ne, ka ciro bayanan sankarar hanta na TCGA (babban kundin ƙwayoyin gadon sankara na Amurka), ka ƙirga masu R249S da masu sauyi a ƙwayar gado ta CTNNB1 da kanka. Shafi guda na wannan aikin ka maƙala a wasiƙarka. Cibiyar binciken sankara ta DKFZ da ke Heidelberg a Jamus tana biyan ɗaliban digirgir albashi kuma da Turanci ake karatun. Hukumar binciken sankara ta duniya, IARC, da ke Lyon a Faransa ta daɗe tana aiki kan aflatoksin a Afirka ta Yamma. Idan kana koyarwa a jami'ar gwamnati, tambayi ofishin TETFund na makarantarku halin da tallafin karatun waje yake ciki kafin ka gina lissafinka a kansa.