Ga ƴar'uwar da tsoron tafiyar ƙasa ya hana ta murnar Hajji

Wa alaikumus salam ƴar'uwa. Wallahi kamar ni kika kwatanta. Kin ce kin haura sittin, gwiwa na damunki, ga ciwon suga, yara sun haɗa kuɗi sun biya miki kujera, amma tunda aka ba ki labarin tafiyar Mina barci ya ƙaurace miki. Allah ya yi wa yaran nan albarka, ya kai ki lafiya ya dawo da ke lafiya.

Ba zan ɓoye miki ba, Hajji da ƙafa ake yin sa. Safa da Marwa kaɗai, zuwa da dawowa bakwai ɗin nan, kusan kilomita 3 ne. Ga ɗawafi, wanda in cunkoso ya tura ki bene na sama sai zagayen ya ƙara faɗi sosai. Ga hanyar jifa, kuma tantunan mutanenmu galibi ba kusa da Jamrat suke ba. Abin da ke karya tsoho kuwa shi ne a jere ake yin su: Mina, Arfa, kwanan Muzdalifa a fili, jifa, a sauko Makka, a koma Mina, duk ba barcin kirki.

Don haka ki fara taka ƙasa tun gobe. Bayan sallar Asuba ki zaga unguwa, ko minti ashirin ne, kullum ki ɗan ƙara. In za ki Babbar Kasuwa ki bar kabu-kabu da adaidaita, ki tafi da ƙafarki, ki dawo a mota in kin gaji. A kan kwalta za ki riƙa yi, ba cikin rairayin bakin gulbi ba, don can ƙasa mai tauri za ki taka. Ban ce ki bar Maradi ki kama hanyar garin Tibiri ba. In kin kai inda za ki yi awa biyu kina tafiya sannu a hankali, ki kwana, washegari ki sake yi gwiwar ba ta kumbura ba, to kin shirya. Takalmin da za ki tafi da shi, shi za ki sa a wannan zagayen har ya saba da ƙafarki. Mu mata an yarda mu sa safa da takalmi rufaffe cikin harami, ki yi amfani da wannan sauƙin, balle ke mai suga da ɗan ƙaramin ƙurji kan zame miki gyambo.

Kuma don Allah kada wani ya ruɗe ki da cewa mota za ta kai ki ko'ina. Haka jagoranmu ya yi mana tun a nan Maradi, a zaure, gaban ƴaƴanmu, yana dukan ƙirji wai tsofaffinsa ba za su taka ko taku goma ba. Daren Muzdalifa motar ta sauke mu, muka haɗa Magariba da Isha, muka tsinci tsakuwa, muka kishingiɗa. Da gari ya waye babu mota, babu shi. Wayarsa a kashe. Ni da wata baiwar Allah daga wajen Dakoro, ta girme ni nesa, muka bi ayarin da muka gani. Rana ta ɗago. Silifas ɗinta ya tsinke, ta ɗaure shi da bakin mayafinta, ya sake tsinkewa. Na ciro safar da ke jakata na sa mata, kwalta ta cinye ta. Muka zauna jikin wani shingen ƙarfe, askar, wato jami'in tsaron can, yana ta ɗaga mana hannu mu tashi, mu kuwa ba mu san ko gabas muka nufa ba. Leɓenta ya bushe ya yi fari, tana kiran sunan ɗanta da ke gida. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan safiyar ba, na ɗauka a hannuna za ta cika. Wani yaro mai tura keken guragu ne ya ji muna Hausa, ya tsaya, ya ɗora ta, ya kai mu har ƙofar tantinmu. Allah ya saka masa duk inda yake.

Shi kuwa jagoran, da yamma sai ga shi fes da shi, yana sakace haƙori, wai mu yi haƙuri, ai Hajji ɗan wahala ne. Ko sannu bai ce wa tsohuwar nan ba, ga ƙafarta duk ta saɓule. Mutumin da aka damƙa wa amanar iyayen mutane! Na yafe masa don wurin da muke, amma har yau in na hango shi a taron biki sai gabana ya faɗi. Ko ajansinku na cikin waɗanda COHO, hukumar aikin Hajji ta Nijar, ta amince da su, ki sa babban ɗanki ya je ya tambaye su ƙeƙe da ƙeƙe: mutum nawa ke hannun jagora ɗaya, wa ke kula da tsofaffi daren Muzdalifa, nisan masauki da Harami nawa ne, kuma lambar wa za a kira in ba a samu jagoran ba. Jirgin ƙasan nan da ake nunawa a talabijin ba kowane ayari ke samunsa ba.

Ruwa, ƴar'uwa, ruwa. Na ga mata da yawa sun ƙi sha a Mina da Arfa don gudun layin bayan gida, su ne kuma ake kwasa ranga-ranga. Ki sha ko ba ki jin ƙishirwa, ki bi layin. Ki sayi garin SRO ɗin nan da ake ba yara masu zawo, amma ki tambayi likita tukun saboda suganki. Kada ki ce ai mu ƴan Maradi mun saba da ranar bazara. A Hajjin 2024 zafi ya kai digiri 51 a Makka, hukumomin Saudiyya da kansu suka ce mutum 1,301 ne suka rasu. Lema ba ta barin hannunki, kuma tsakanin hantsi da La'asar in ba dole ba ki zauna a inuwa.

Ki je wurin likita tun yanzu ya duba tansiyo da suga, ya rubuta miki magungunanki a takarda. Ki tafi da wanda zai ishe ki har dawowa, cikin kwalinsa, ki raba biyu: rabi a akwati, rabi a ƴar jakar wuya tare da dabino ko alawa don lokacin da suga ya faɗi. Allurar sanƙarau da ta shawara ki yi su da wuri, katin rigakafin ya zauna tare da fasfo. Goro ki bar shi a gida, kuma ko wa ya ba ki saƙo ƙulle ki kai wa wani, kada ki karɓa. Yaji da garin kunu dai sun taimake ni ranar da bakina ya ƙi abincin can.

Sai abin da ya fi damuna da tsofaffinmu: kunyar karɓar sauƙi. Wata sai ta ga in ta hau keke ta yi ɗawafi kamar Hajjinta ya ragu. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, a kan raƙumi ya yi ɗawafi a Hajjin bankwana. Nana Ummu Salama ta ce masa ba ta da lafiya, ya ce ta yi ɗawafi a kan abin hawa. Nana Sauda ta nemi izinin barin Muzdalifa kafin turmutsutsun jama'a saboda nauyin jiki, ya ba ta. To mu su wa? Ki ware kuɗin keke daban tun daga gida, kada tsaraba ta cinye shi. Maganar wakilta wani ya yi miki jifa kuwa, ki zauna da malaminku kafin tafiya, don a wurin malamanmu na Malikiyya akwai batun hadaya a ciki, gara ki sani da wuri.

Katin Nusuk, wato katin shaidar alhaji na Saudiyya, da abin hannu mai lambar tanti ko wanka za ki kada ki ajiye su nesa, tantunan Mina duk farare ne iri ɗaya. A Harami ki saka takalminki a leda ki riƙe, kada ki bar shi a ƙofa ki fito ki taka ƙasa mai zafi. Kuma tun a jirgi ki kama abokiyar tafiya guda, wadda ta ɗan fi ki ƙarfi, ku yi alkawarin ba mai motsawa ba ɗaya.

A wace unguwa kike? In ta wajen Ali Ɗan Sofo ce ki yi min magana, mukan fita zagaye da wasu mata bayan Asuba, sai mu biyo ta ƙofar gidanki.