Tambaya da Amsa: Ko kwamfuta za ta iya ƙirga wa mai rubuta manhaja lokacin aikinsa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina jagorantar matasa huɗu masu rubuta manhaja, kuma yawancin masu ba mu aiki da awa suke biyanmu. Duk ranar Juma'a sai mu zauna kowa yana ƙoƙarin tuna awa nawa ya yi a kan wane aiki, daga ƙarshe mu rubuta abin da muka kintata. Mun gwada agogon da ake dannawa idan za a fara aiki, amma mantuwa ta hana mu ɗorewa. Shin akwai hanyar da kwamfuta za ta riƙa ƙirgawa da kanta? Daga mai karatu a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Hanya akwai, kuma ba ta da tsada, sai dai ina so ka sani tun farko cewa kwamfuta abin da ya wuce ta gabanta kawai take rubutawa, saboda haka abin da za ta ba ka daftari ne da mutum zai duba ya gyara kafin a kai wa mai biya.

Mafi sauƙin farawa shi ne WakaTime, wani ɗan ƙari da ake maƙala wa manhajar da kuke rubuta kod a cikinta, ko VS Code ce, ko Android Studio, ko Vim. Duk lokacin da mutum ya buɗe fayil, ko ya yi rubutu, ko ya adana, sai ta aika ɗan saƙo da masu ita suke kira bugun zuciya, wanda yake ɗauke da lokaci, da sunan fayil, da sunan aikin, da reshen Git da ake kai (Git manhaja ce mai adana tarihin canje-canjen kod, reshe kuma layin aiki ne da aka ware a cikinta), ba tare da abin da ke cikin fayil ɗin ba. Daga waɗannan saƙonni ake haɗa tsawon zaman: idan tazarar da ke tsakanin bugu biyu ba ta wuce minti 15 ba, ana ɗauka aiki bai yanke ba, idan kuwa ta wuce, ana ɗauka mutum ya tashi. Wani abin da zai dace da halin da muke ciki shi ne, idan intanet ta yanke tana tara saƙonnin a kan kwamfutar ta aika daga baya, don haka katsewar layi ba ta cinye muku awa. Idan mai aikin bai yarda sunayen fayilolinsa su fita ba, akwai wurin ɓoye su a cikin saiti, ko kuma ku ɗora Wakapi, wata manhaja mai karɓar saƙonni iri ɗaya, a kan sabarku, wato kwamfutar da ke ajiye muku bayanai, kuma bayanan suna nan a hannunku.

To amma sanin cewa wane ya yi awa shida yana rubutu bai isa a rubuta takardar neman biya ba, dole a san a kan wane aiki ya yi su. Nan ne nake ganin yawancin ƙungiyoyi suke tuntuɓe, kuma maganin ɗabi'a ce ƙarama wadda ba ta buƙatar sayen komai: kowane aiki ya sami lamba a wurin da kuke jera ayyuka, kuma kowane reshen Git ya fara da wannan lambar. Da zarar kun lazimci haka, lokacin da aka ƙirga a kan reshe ya zama lokacin wannan aikin kai tsaye. Masu amfani da Jira, manhajar jera ayyuka, idan sun haɗa ta da GitHub ko Bitbucket, shafukan da ake ajiye kod a intanet, suna iya rubuta lokacin a cikin saƙon da ke raka kowace ajiyar kod, misali lambar aikin sannan #time 1h 30m (wato awa ɗaya da minti 30), sai ya shiga lissafi da kansa, da sharaɗin adireshin imel ɗin da ke cikin Git ya zama shi ne na asusun mutumin a Jira. Wannan sharaɗin ya sha ɓata wa mutane lissafi ba su san dalili ba. A GitLab kuwa, wani shafin ajiye kod da jera ayyuka, ana rubuta /spend 1h 30m a ƙarƙashin aikin, kuma ka lura cewa a wurinta kwana ɗaya awa 8 ne, mako ɗaya kwana 5.

Akwai masu kintata lokaci daga tarihin Git kaɗai. Ban ba ka shawarar dogaro da wannan ba, domin Git lokacin ajiya kawai yake rubutawa, bai san lokacin da aka fara ba.

Abin da ya fi damuna shi ne aikin da ba ya barin sawu. Awar da ka yi a waya da mai aiki yana canza ra'ayi, da zaman da kuka yi kuna zana tsari a takarda, da rabin yinin da babba a cikinku ya yi yana warware wa ƙarami matsala, duk aiki ne da ya cancanci lada, kuma WakaTime ba za ta ga ko ɗaya ba. ActivityWatch, wadda kyauta ce kuma take ajiye komai a kan kwamfutar mai ita, tana rage giɓin domin tana lura da duk tagar da ke buɗe, har da shafukan da ake karantawa. Toggl Track da Clockify kuma suna iya janyo tarurruka daga kalandar Google. Sauran sai da hannu, shi ya sa nake so ku mayar da zaman Juma'a ya koma minti goma a ƙarshen kowace rana, lokacin da abin bai bar zuciya ba, kowa ya duba abin da aka ƙirga masa ya cike gurbi. Ku kuma rubuta a yarjejeniya tun farko ko tarurruka da bincike suna cikin abin da ake biya.

Tambaya: Malam, kamfanin da nake wa aiki daga gida ya sa mana manhajar da ke ɗaukar hoton allon kwamfuta tana kuma ƙirga danne-danne, alhali kwamfutar tawa ce. Ina da ta cewa? Daga mai karatu a Abuja.

Amsa: Kina da ita, 'yar'uwa. Wannan salon sananne ne a Upwork, dandalin haɗa ma'aikata da masu ba da aiki ta intanet, inda manhajarsu take ɗaukar hoto ɗaya a cikin kowane minti 10, amma a can ma'aikaci ne yake kunnawa da kashewa, yana ganin hotunan, kuma yana iya goge wanda bai so, ya haƙura da kuɗin wannan ɗan lokacin. Ki nemi a ba ki irin wannan ikon. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta wajabta wa mai tattara bayanan mutum ya bayyana dalilinsa, kada ya ɗebi fiye da buƙata, ta kuma ba ki damar neman sanin abin da aka tara a kanki. Ki tambaya a rubuce, cikin ladabi: me ake ɗauka, wa yake gani, kwana nawa ake ajiyewa. Idan aka ƙi amsawa, Hukumar Kare Bayanai ta Najeriya tana karɓar koke.

A ganina ƙirga danne-danne zalunci ne ga mai wannan sana'a, domin wadda ta yi awa biyu tana nazari ta gano kuskure a layi ɗaya za ta fito ƙasa da wanda ya wuni yana rubuta abin da za a goge. Kafin a daidaita, ki buɗe wa aikin asusu na daban a kan kwamfutar, kada ki shiga banki ko saƙonnin gida daga cikinsa, kuma ki tabbata kin kashe manhajar duk lokacin da kika tashi.