Tambayoyin Fasaha: Kashi Nawa Zan Yanka Diski Idan Zan Gina Linux Da Hannuna?

Tambaya: Malam, salamu alaikum. Ni ɗalibin kimiyyar kwamfuta ne a Daura. Ina da laftof 'yar gwanjo mai SSD giga 256 da ram giga 8, Windows ce a kanta. Ina so in gina Linux tun daga tushe ta hanyar Linux From Scratch, in harhaɗa kowace manhaja daga asalin rubutunta. Na ga wani ya yanka diskinsa kashi bakwai, /boot daban, /usr daban, /var daban, /tmp daban, har da /home. Ni ma haka zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Kada ka yi. Wannan tsarin na manyan kwamfutocin sabar ne, inda ake tsoron bayanan da ke taruwa a /var su cika diski su tsayar da komai. Kai koyo kake yi, kuma ba ka san inda wuri zai ƙare maka ba tukuna. Yanka diski kamar yanka fuloti ne a gida: in ka ware wa ɗakin girki rabin fili, falo ya matse, rushe katanga daga baya aiki ne ja. Wajen harhaɗa GCC kaɗai, wato manhajar da ke harhaɗa sauran manhajoji, sai an ci giga da dama na wucin gadi. Idan fatishan ɗin, wato yankin diskin da kake aiki a ciki, ƙarami ne, bayan awoyi kana jira sai aikin ya tsaya a ce maka babu wuri, alhali ga giga 20 a kwance a /var babu mai taɓa su. Ware /usr daban kuwa ya fi sauran haɗari, domin kwamfutar ba za ta tashi ba sai da initramfs, wani ɗan tsarin wucin gadi da ake lodawa a ram lokacin tashi, shi kuma tsarin Linux From Scratch na asali bai haɗa da gina shi ba.

Gerard Beekmans ne ya fara aikin Linux From Scratch a 1999, kuma littafin jagoran nasu ya ce giga 10 ya isa mafi ƙarancin tsari, giga 30 kuma ya dace da wanda zai ci gaba da ƙara manhajoji. Ni dai 30 zan ce maka, ko 40 in kana da niyyar ɗora tebur mai hotuna da burauza daga baya. Fatishan guda ɗaya, a yi masa fomat da ext4, a ɗaura shi a /mnt/lfs, shi ke nan. Fayilolin da za ka sauko da su ma a ciki za su zauna.

Akwai abin da ba ka lissafa ba. Ba a gina Linux daga cikin Windows kai tsaye, sai ka sami wata Linux mai aiki da za ta ba ka kayan aikin farko, kamar Debian ko Ubuntu. Ita ma ka ba ta giga 30 zuwa 40, kuma kada ka goge ta ko da taka ta tashi. Ranar da ka harhaɗa kanel, wato zuciyar Linux, ka manta direban diski, ta nan za ka shiga ka gyara. Saboda haka a diskinka za a sami ƙaramin fatishan na EFI da ke nan tun asali, sai Windows da ƙananan ɓangarorinta, sai Linux mai masauki, sai wadda za ka gina, sai swap, wato yankin diski da ke tallafa wa ram in ya cika.

Wannan na EFI ɗin, don Allah ka kiyaye shi. FAT32 ne, galibi Windows kan yi shi mega 100, kuma a cikinsa abin da ke tayar da Windows yake. Ana raba shi ne tsakanin tsare-tsaren, ba a yi masa fomat. Hanya mafi sauƙi a gare ka ita ce ka bar GRUB na Debian ko Ubuntu, wato manhajar da ke ba ka zaɓin tsarin da za ka tayar, ya ci gaba da riƙe ƙofa, ka ƙara masa layin sabuwar Linux ɗinka a fayil ɗin 40_custom.

Ka duba irin teburin diskinka da fdisk -l. In GPT ne, ba ka da damuwa, yana ɗaukar fatishan har 128. In tsohon MBR ne, ba ya wuce tera 2, kuma manyan fatishan huɗu kawai yake yarda da su, sai an mayar da ɗaya mai faɗaɗawa a zuba sauran a ciki. Wanda kuma ke da GPT a kan tsohuwar kwamfuta mai BIOS, yana buƙatar ɗan yanki na mega 1 marar fomat domin GRUB.

Wajen rage girman Windows, ka yi daga cikinta da Disk Management. Kafin nan ka kwafe takardunka a filasha, ka rubuta mabuɗin BitLocker in a kunne yake, ka kashe Fast Startup. Kuma ka san batirin gwanjo. Idan laftof ɗinka irin wadda ke mutuwa da zarar an ɗauke wuta ce, kada ka fara matsar da fatishan sai kana kan sola ko inbata. Harhaɗawa in ta katse ana sakewa, amma matsar da fatishan in ya katse a tsakiya, bayanai ne ke tafiya.

Tambaya: Malam, ni daga Ƙofar Ƙaura nake a Katsina. An koya mana cewa swap ninki biyu na ram ake yi. Ram ɗina giga 4 ne, in yi 8 ke nan? Kuma sai kowace Linux ta sami nata?

Amsa: Ƙanwata, wannan ƙa'idar ta zamanin da ake ƙirga ram da mega ce. Amma ke da kike da giga 4, swap zai yi miki rana ƙwarai. Idan kika ba make, manhajar da ke tafiyar da harhaɗawa, umarnin yin ayyuka huɗu a lokaci guda wajen harhaɗa GCC, ram kan cika, kanel kuma ya kashe aikin ba sallama. Giga 4 na swap ya ishe ki, ki kuma rage zuwa -j2, wato ayyuka biyu a lokaci guda, a hankali amma za a kai. Swap ɗaya zai wadatar da Linux biyu, tunda ba tare suke aiki ba. Sharaɗin kawai, kada ki sa ɗaya ta yi dogon barcin nan da ke kwashe abin da ke cikin ram ya ajiye a swap, sannan ki tayar da ɗayar, za ta tattake abin da aka ajiye. Mai son irin wannan barcin kuwa, swap ɗinsa ya kai girman ram.

Tambaya: Malam, na gama gini lafiya, tana tashi. Amma duk ranar da na bar filasha ko diskin waje a jiki, sai ta tsaya da kukan ba ta ga tushenta ba. Mene ne laifin?

Amsa: Ɗan'uwa, sunan da ka rubuta ne. /dev/sda da /dev/sdb ba su da tabbas, wanda kanel ya fara gani shi yake ba sunan farko, don haka filasharka kan ƙwace sunan diskinka. Ka buga blkid, za ka ga lambobin shaida iri biyu, UUID da PARTUUID, a gaban kowane fatishan. A fayil ɗin fstab, mai jerin fatishan da ake ɗaurawa, ka yi amfani da UUID. A layin GRUB kuwa, tunda ba ka da initramfs, kanel ba ya gane UUID na tsarin fayil, sai ka rubuta root=PARTUUID= ka biyo da lambar. Wannan canjin sunan shi ne kuma dalilin da ya sa duk lokacin da za ka buga mkfs, umarnin yin fomat, ka fara buga lsblk ka dubi girman kowane diski da idonka, domin mkfs ba ya sanin wanne ne na Windows, wanne ne na hotunan bikin gidanku.