Amsa ga ƙanena mai son fara Turkanci tun daga gida

Salamu alaikum ƙanena. Na ga saƙonka, ka ce ka nemi tallafin karatu na gwamnatin Turkiyya, wato Türkiye Bursları, kuma kafin sakamako ya fito kana so ka fara koyon Turkanci da kanka. Ka turo mini hoton littattafai bakwai da ka sauke a waya, kana tambaya da wanne za ka fara.

To, share biyar daga ciki. Ni ma haka na yi kafin in taho, na cika waya da littattafai, yau in buɗe wannan gobe in buɗe wancan, har na sauka a Istanbul ban wuce gaisuwa da ƙirga ɗaya zuwa goma ba.

Jerin littattafai uku ne za ka fi gani a hannun ɗalibai baƙi a nan. Akwai Yedi İklim Türkçe na Cibiyar Yunus Emre, akwai Yeni Hitit na TÖMER, cibiyar koyar da Turkanci da Jami'ar Ankara ta kafa a 1984, sai kuma Yeni İstanbul. Duk mataki-mataki suke bi, daga A1 na mai farawa zuwa manyan matakai irin su C1 na wanda ya ƙware, kuma kowanne yana da littafin darasi, littafin aikin gida da muryoyin saurare. Da ni ne kai, Yedi İklim zan ɗauka, don ya fi tafiya a hankali da mai farawa. Yeni Hitit yana da zurfin nahawu, amma ba ya jiran kowa. Abin da ba a gaya wa mutum shi ne, dukkansu don aji aka rubuta su, malami na tsaye yana bayani. Kusan komai a cikinsu Turkanci ne, har umarnin aikin. Saboda haka littafinka na biyu ya zama na nahawu mai bayani da Turanci. Na Aslı Göksel da Celia Kerslake yana da kyau, sai dai kada ka ce za ka karance shi daga bango zuwa bango, na dubawa ne idan wani abu ya shige maka duhu.

Kada ka karɓi littafi babu muryoyinsa. Nan ne Bahaushe ke faɗawa rami, domin tun 1928 Turkawa da haruffan boko suke rubutu, sai ka ga kamar ka iya karatu alhali ba ka iya ba. Haruffansu 29 ne, wasula 8. Harafin c a wurinsu j ne, namu c kuwa shi ne ç mai jela. A makona na farko na tare wani dattijo a bakin titi ina neman masallaci, na karanta masa cami yadda Bahaushe zai karanta. Ya yi ta kallona, sai da na ɗaga hannu kamar mai kabbara ya yi dariya ya ce "jami!", ya kama hannuna har ƙofar masallacin. Sannan ga ı marar ɗigo, da ö da ü, waɗanda babu su a bakinmu. Sai kunne ya ji, baki ya maimaita da ƙarfi, ko da 'yan gida za su ɗauka ka zare.

Wasulan nan su ne ginshiƙin harshen gaba ɗaya. Turkanci ɗafa-ƙeya ne a kan ɗafa-ƙeya: ev gida, evler gidaje, evlerimiz gidajenmu, evlerimizde a gidajenmu. Amma okul, makaranta, sai ya koma okullarımızda, domin wasalin ƙarshe na kalma shi ke zaɓar wasalin abin da za a liƙa mata. Ka zauna a kan wannan babin sati biyu ko uku, ba ɓata lokaci ba ne. Aikatau kuma a ƙarshen jimla yake zuwa, sai ka koyi haƙurin jira. Inda za ka huta, babu namiji babu mace, "shi" da "ita" duk o kawai ake cewa. Kuma Larabci ya riga ya yi maka rabin hidima: kalem, dünya, zaman, haber, saat. Har ɗafin -miş da ke wahalar da Turawan ajinmu, mu muna da shi, shi ne "wai" da "ashe". Gelmiş, wai ya zo, ko ashe ya zo.

Duolingo ba laifi na minti goma, amma ba ya bayanin komai. Ƙamus kuwa, Tureng a waya ya ishe ka yanzu, na TDK, hukumar harshen Turkanci, sai ka yi nisa. Fina-finan Daular Usmaniyya da kuke kallo a gida, kalle su don nishaɗi. Idan ka kwaso maganarsu ka kai kanti, za a ɗauka daga fadar sarki ka fito. Katun ɗin yara na tashar TRT Çocuk ya fi su amfani nesa ba kusa ba.

Kada ka matsa wa kanka da C1. Tallafin da ka nema yana haɗe da shekara guda ta koyon harshe a nan, kuma za a yi maka gwaji a ajiye ka a matakin da ya dace da kai. Ka gama A1 da kyau, in hali ya yi ka taɓa A2. Sauran a titi ake tsinta. Ni a cikin ƙaramar bas ta dolmuş na koyi "müsait bir yerde", abin da ake ce wa direba in ana son sauka, bayan na zarce unguwarmu sau biyu don na rasa me zan ce.

Idan ka kai babi na uku, turo mini muryarka kana karanta shi in ji yadda ı ɗinka take fita. A gaida su Mama.