Kwana nawa ake yi a asibiti bayan aikin baya?

Ɗan'uwa, ka tambayi kwanakin asibiti da yadda makonnin farko suke. Ni guringuntsin da ya danne jijiya aka cire min, kwana 2 na yi. Washegari nas ta riƙe ni na taka zuwa banɗaki, ƙafafuna na rawa. Wanda aka sa wa ƙarfe yakan fi daɗewa.

Sauka daga gado ce ta fi wahalar da ni. Ka juya gefe, kafaɗa da ƙugu tare, ka sauke ƙafafu, sannan ka dogara da hannu. Mako 6 ban sunkuya ba, ko bokitin ruwa ban ɗaga ba, salla ma a kujera. Maganin ciwo kan ɗaure ciki, ka yawaita ruwa da gwanda.

In zazzaɓi ya zo, ɗinki na ruwa, ko fitsari ya ƙi fita, koma asibiti nan take. Allah ya ba ka lafiya.